Eriyar da Ta Ƙi Sauka a Hanyar Lyon

Tun da na dawo daga Faransa ƙafa ba ta ɗauke a gidana ba. Tsoffin malaman da muka yi ritaya tare, matan unguwarmu nan Katsina, har da waɗanda rabonsu da tako gidan tun rasuwar Malam, kowa tambayarsa ɗaya: yaya ƙasar take, kuma na hau doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta Paris? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wadda ta zo in miƙa mata ta karanta, ni kuma in ci gaba da aikina. Hasumiya dai na hango ta daga nesa ta tagar mota, ana yayyafi. Ƙarfen da na sani ciki da waje a ƙasar shi ne eriyar talabijin ta wata mota, kuma ita za ku fi ji a nan.

Abin da ya kai ni kun san shi, Injiniya ce ta haihu. Ga wanda bai sani ba, ita ce ta farina, kuma ba zan rubuta sunanta ba, kamar yadda ban taɓa kiransa da bakina ba. Haka na taso na ga uwata tana yi da babban yayanmu, haka ni ma na yi. Tun daga yaye kakarta ta ɗauke ta, in zancenta ya kama sai in ce "yarinyar Goggo". Da ta tafi karatu Villeurbanne, kusa da Lyon, ta fito injiniya sai na samu sauƙi, na riƙa kiranta da aikinta. Can ta haɗu da mijinta, mutumin Maraɗi, suka zauna a wata unguwa arewa da Lyon da ake kira Rillieux. An shirya in isa kafin haihuwa, sai biza ta yi jinkiri, haihuwa kuma ta yi sauri. Ina cikin ɗaure kaya aka bugo aka ce an yi mata aiki, an ciro namiji. Na ce, "Madalla, Allah ya raya," na shige ɗaki na turo ƙofa. Abin da na yi a ciki tsakanina da Allah ne.

Kayan jego na ɗauka kamar za ni ƙauye: garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, kuka, kilishi, man shanu, man kaɗe, har da muciya. Daga Kano zuwa Abuja, daga nan zuwa Paris, ban ga komai ba sai bayan kujerar gabana. A filin jirginsu wani kare ya zo ya zauna kusa da akwatina, ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe. Kilishi da man shanu ta ajiye gefe ta girgiza kai, wai nama da madara ba sa shiga. Daddawa ta buɗe ta rufe da sauri. Kanwa ce ta ɗaure mata kai, ta yi ta juya ta, sai da na rungume hannuwana kamar mai jijjiga jariri, na yi alamar damu. Man kaɗe kuwa ta lakata ta shafa a bayan hannunta, ta yi murmushi ta mayar mini. Da na san abin da zai jawo, da na bar mata shi kyauta.

Wanda ya tarbe ni shi ne Alhaji Illa, baffan mijin Injiniya. Sana'arsa sayen tsoffin motoci yana turawa gida ta jirgin ruwa. Ya daɗe a Paris har gemunsa ya yi fari a can, amma Hausarsa ta Maraɗi ko gezau. Tare da shi akwai 'yarsa Zainabu, haifaffiyar can, mace mai kimanin shekara talatin, bas take tuƙawa a cikin birni. Hausarta tana fita da ƙyar, rabi Faransanci, kuma Tanti take ce mini. Na kwana gidansu, matarsa ta yi mini shinkafa da miyar gyaɗa, na ci na gode Allah, don na ɗauka burodi zan yi ta ci har in dawo.

Ni dai na san jirgin ƙasa za a sa ni, an ce kafin azahar ina Lyon. Alhaji ya dubi akwatunana ya ce, "Hajiya, da kayan ga? A'a. Ga mota can waje, kamfin-kar ce, wani ɗan kasuwa wajen Lyon ya saye ta, ni zan kai mashi. Mu tahi tare, Zainabu ta ja mu, ki miƙe ƙahwa kamar kina ɗakinki."

Ban so ba, amma suruki ya yi magana. Na ce Allah ya saka da alheri.

Motar kuwa gida ne sukutum aka ɗora kan tayoyi. Akwai gado a baya da labule, murhun gas, firiji, kabad na tufafi, bayi ɗan ƙarami wanda in ka shiga sai ka fito da baya, da talabijin a maƙale jikin bango. Na ce wa Zainabu wa ke zama a ciki, marasa gida? Ta ce a'a, masu gida ne, hutu suke zuwa da ita.

Ranar Asabar muka ce za mu tashi da safe. Amma labari ya bazu cewa Alhaji Illa zai tafi Lyon da babbar mota, sai ga mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suna ta sallama. Wannan ya kawo buhun gero a kai wa ƙanwarsa, wancan ya kawo tukunyar lantarki, wata ta kawo zannuwan barka. Kowa kuma sai an gaisa, an tambayi gida da iyali da sanyi da gajiya, an sha shayi. Ina zaune ina murmushi ina amsa barka, hankalina kuwa yana Lyon. Ranar ce aka sallami Injiniya daga asibiti, kuma na san ba mace ko ɗaya a gidan. Sai bayan la'asar muka ɗaga.

Hanyarsu shimfiɗaɗɗiya ce, amma ba kowa a kanta sai motoci. Ba mai tallar gyaɗa, ba mai dafaffen ƙwai, ba akuya, ba wanda zai tare ku ya ce ina takardu. Ko wurin biyan kuɗin hanya ba mutum, inji ne ke ɗaga sanda. Ni da na saba a yi ciye-ciye a hanya, na ƙi cin abinci sosai kafin mu taso, sai ga ni da yunwa. Zainabu ta miƙo mini dogon burodinsu mai tauri da wani cuku mai wari. Burodin na ci.

Da rana ta faɗi Zainabu ta ce ba za ta ƙara gaba ba. Tun asuba ta yi aiki kafin ta zo, kuma a wajen aikinsu ba a tuƙi da gajiya. Ta sauka daga babbar hanya, muka shiga wani ƙaramin gari a ƙasar manoman inabi. Bayan gari akwai fili da aka ware don irin waɗannan motoci, da famfo, da wurin jona lantarki, da ramin zubar da ƙazanta. Wannan na ƙarshen ya ba ni mamaki. Bayin motar akwati ne ake zarowa ta waje, kuma mai mota da kansa yake ɗauka ya je ya juye. Na ga Alhaji Illa, mai aika motoci ƙasashe, ya naɗe hannun riga yana bin layi da akwatinsa bayan wani Bature. Na juya baya don kada ya ga na gani.

Maƙwabtanmu a filin wani tsohon Bature ne da matarsa da karensu. Zainabu ta ce sun yi ritaya, suna da gida da jikoki, amma rabin shekara a hanya suke yi. Na ce a wajenmu in tsoho ya bar gida yana yawo gari-gari ba dalili, 'ya'yansa za a zaga.

Bayan magariba Alhaji ya ce zai gwada talabijin, don mai sayen ya ja masa kunne a kanta. A nan na fara sanin eriya, wadda su suke kira antan. Sanda ce ta ƙarfe da ta huda rufin motar ta biyo ta cikin kabad. A sama tana ɗauke da wani farin kai mai faɗi kamar faifai. A cikin kabad ɗin akwai zoben roba, sai a murɗa shi ya saki, a tura sandar sama, a juya ta har hoto ya fito, sannan a ɗaure. In za a tafi sai a sauke ta, kan ya kwanta a rufi. Alhaji ya murɗa ya tura, ta ƙi. Motar ta daɗe a ajiye. Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ba ki da ɗan mai?"

Duk wanda ya taso a gida ya san haka ake yi. Ƙyaure ya yi ƙara, mai. Keken ɗinki ya cije, mai. Na ciro man kaɗe, ya narka shi a cokali kan murhu, ya ɗura a zoben, ya lafta a jikin sandar. Ta tafi sama sumul. Hoto ya fito, wasu maza ne zaune suna gardama da Faransanci. Alhaji ya ce, "Wala! Abin gida ya hi nasu." Ya kalla har barci ya kwashe shi a kujerar gaba, mu kuma muka ja labule. Ba wanda ya tuna da sauke ta.

Gari ya waye ciyawa ta yi fari fat da ƙanƙara. Na yi alwala da ruwan zafi amma duk da haka yatsuna sun ƙage. Mun yi salla mun sha shayi, Zainabu ta zagaya mota tana dubawa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Papa, antan."

Alhaji ya shiga kabad. Zoben ya ƙi murɗuwa. Man kaɗen da ya shiga kowane lungu ya daskare ya koma kamar sabulu, ya haɗu da tsohuwar ƙura ya riƙe sandar gam. Ya sa tawul ya murɗa da ƙarfi, zoben ya yi ƙas ya tsage. Sai ya kama sandar da hannu biyu ya rataya a jikinta, yana ja da duk nauyinsa, kuma Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Motar ta yi ta girgiza, eriya ko motsi.

Na ce to mu tafi da ita a haka mana, ai a gida ana ɗora gado da akuya kan mota a yi tafiya. Zainabu ta zaro ido. "Tanti, se pa posibul, ba shi yiwuwa! Iska za ta cire ta, ta tahi da ruhin, ta hwaɗa ma motar baya. Kuma akwai gada gajere-gajere. Ni ba ni tuƙawa."

Tsohon Bature ya ji hayaniya ya zo da tsani da akwatin kayan aiki. Ya leƙa kabad, ya taɓa man ya shinshina, ya tambayi Zainabu mene ne. Da ta faɗa masa sai ya kira matarsa ita ma ta zo ta ji. Ba su yi mana dariya ba, amma na ga kafaɗar matar tana motsi. Ita ce ta koma ta kawo na'urar busar da gashi. Zainabu ta hau rufi tana hura zafi ta sama, ni ina dafa ruwa ina jiƙa tsumma ina naɗa wa sandar ta ƙasa, mai yana narkewa yana ɗiga a gwiwar hannuna. Can sai ta motsa. Muka yi kabbara. Ta sauko kusan rabi, ta sake tsayawa cak, kuma wannan karon ba mai ba ne. Tsohon ya hau ya duba, ya karkata tafin hannunsa. Ratayar da Alhaji ya yi ta lanƙwasa sandar, ba za ta ƙara bi ta ramin ba.

Ya ciro zarton ƙarfe daga akwatinsa ya nuna mana. A yanke ta daidai rufi, a toshe ramin, a tafi, in an isa a sa sabuwa. Alhaji ya ɗaga hannu biyu.

"A'a! Na hwaɗa ma mutumin ga mota lahiya lau take, ba abin da ya taɓa ta. In kai mashi da rami bisa kai? A bari masu garaji su miƙe ta."

Ranar Lahadi ce. Ku da ba ku je ba, ba ku san Lahadinsu ba. A gida ko ranar salla ce za ka samu makaniki, in ba ya nan a aika gidansa a taso shi. Can kuwa gari mutuwa yake yi, in ban da mai burodi da ya buɗe da safe. Zainabu ta duba wayarta ta ce garejin da ke gyaran irin motar yana wani gari, kuma har Litinin a rufe yake, sai Talata. Na yi zaton sunan jariri zai tayar da Alhaji, ashe shi ma ba matsala ba ne. Rago a Maraɗi za a yanka, liman ya yi addu'a ta waya, taro kuma sai ƙarshen mako in mutane sun samu hutu.

Sai ya juyo gare ni, ya sassauta murya. "Hajiya, ke ce babba. Mi kika gani? Ko akwai gaggawa?"

Ku duba fa. Mutumin nan Bahaushe ne, ya san Injiniya ta farina ce, ya san a gaban suruki ba abin da zan iya cewa. Ya san amsar tun kafin ya yi tambayar, shi ya sa ya yi ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gyara mayafi na ce, "Babu gaggawa, Alhaji."

Zainabu ta dube ni. "Tanti, kin tabbata? In kina so in kira taksi, shi kai ki gar, wato tasha, ki shiga jirgin ƙasa. Yau kina can."

Da 'yar gida ce, da ba za ta tambaya ba. Taksin za ta kira, ta tura ni ciki ina cewa a'a, ina cewa don me za a wahala, kowa ya fita kunyar kowa. Amma ita a ƙasar da ta taso, in mutum ya ce a'a, a'a yake nufi. Na ce, "Haba, don me? Ai muna tare." Ta ce, "Dakor," wato to, ta ajiye wayar. Na ji kamar in kama ta in girgiza.

Na koma cikin mota na dama kunu, don hannuna ya samu abin yi. Na zuba a kofi na kai wa tsohuwar Baturiya ladan na'urarta. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa, ta shanye. Sai ta zaunar da ni ta buɗe wayarta tana nuna mini jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunayensu, tana sumbatar gilashin. Ta nuna wata mace ta dafa ƙirji, na gane 'yarta ce. Ta yi mini alama, ni fa? Zainabu ta yi mata bayani. Matar ta dafe baki, ta yi wata doguwar magana.

Na ce wa Zainabu, "Me ta ce?"

"Ta ce an yi ma ɗiyarki sezariyan, aikin haihuwa, kuma kina nan zaune? Na ce mata ku a wajenku ba a damuwa da haka."

Na karɓi kofina.

Wajen azahar wayar Zainabu ta yi ƙara, ta buɗe murya kowa na ji. Injiniya ce. Muryarta ta yi ƙasa, tana magana tana tsayawa kamar mai hawan tudu, ga kukan jariri a bayanta. Suka yi Faransanci, sannan ta juya Hausa ta ce mai gidan zai koma aiki gobe, sun ƙi ƙara masa hutu, ita kuma ko tashi daga gado sai an kama ta. Ta ce yaushe za mu iso.

Zainabu ta ce, "Sai Talata, ko Laraba. Na ce ma Tanti ta shiga jirgi, ta ce babu gaggawa."

Injiniya ta ce, "To. Haka ne. Ku bi a hankali." Ta kashe.

Da ta yi kuka ko ta yi faɗa, da na jure. Amma ko mamaki ba ta yi ba. "Haka ne" ɗin nan na wadda ta daɗe da sani ne. Ni a zatona duk shekarun nan ta gane, kamar yadda yayanmu ya gane, cewa wanda aka fi kawar wa kai shi ne ya fi zama a rai. Ashe yarinyar ta yi nisa da gida, ta zauna cikin masu sumbatar gilashin waya, abin da ta ji da kunnenta shi ta ɗauka. Tsoro ya kama ni, ba na ciwonta kaɗai ba.

Na fito. Alhaji yana zaune kan kujerar naɗi yana shan hantsi da carbi a hannu. Tsani na jingine da mota, akwatin tsohon a buɗe a ƙasa. Na sunkuya na ɗauki zarton na miƙa wa Zainabu.

Alhaji ya miƙe. "Hajiya, ai kin ce..."

"Na ce. Yanzu kuma ina cewa ɗiyata na jirana. An farka cikin ɗiyata, tana can ba mai ba ta ruwa. A yanke ta."

Muryata ta fita fiye da yadda na so, har karen ya yi haushi. Tun da na haife ta ban taɓa haɗa kalmar nan da ita a gaban mutane ba, balle gaban suruki. Na ji kamar zanena ne ya kwance a kasuwa. Amma da na dubi Alhaji sai na ga kunyar ta koma kansa. Ya sunkuyar da kai, ya sa carbi a aljihu, ya ce, "Zainabu, hau." Shi da kansa ya riƙe mata tsanin.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ta kwance kan eriyar ta miƙo wa tsohon, ta datse wayar da ke cikinta, ta sa zarto a gindin sandar. Ƙarar ta cika filin, mutane suka leƙo ta tagoginsu. Da sandar ta faɗi, tsohon ya yanko leda mai kauri ya rufe ramin, ya bi ta da wani baƙin salatif mai faɗi, ya danna ko'ina da babban yatsa. Matarsa ta rungume ni ta sumbace ni kunci biyu kafin in kauce. Na bar mata sauran man kaɗen, na nuna mata a ƙafa ake shafawa.

Muna kusa da Lyon aka tsuge da ruwa, ledar ta riƙe amma ba duka ba, ya riƙa ɗiga cikin kabad daidai kan babbar rigar da Alhaji ya tanada don taron suna. Ya gani, ya ciro ta ya shanya kan kujera.

Don kada ku tare ni da tambaya daga baya, bari in gama da eriya. Cikin makon Alhaji da mijin Injiniya suka kai motar gareji. Aka cire guntun sandar da tsagaggen zoben, aka kankare tsohon danƙon da ke kewaye da ramin, aka dasa sabuwa aka like. Mai gyaran ya ce ba a sa mata kowane irin mai, sai wani na fesawa, kuma a sauke ta kafin a kwanta. Mai saye ya karɓi motarsa yana murna ya samu sabuwar eriya. Alhaji bai taɓa tayar mini da zancen ba har na baro ƙasar, kuma ranar da zan taho shi ya ɗauki akwatina har bakin layi. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne.

Rillieux dogayen benaye ne jere, duk iri ɗaya, in ka fita ba rakiya ba za ka gane naka ba. Muka shiga lif muka hau. Mijinta ya buɗe ƙofa ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ni, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Tana bayansa a tsaye, ta dafa bango, a ranƙwafe, ta rame har wuyanta ya fito.

Na ce, "Sannu."

Ta ce, "Sannu da hanya, Mama."

Na karɓi yaron na yi masa addu'a, na miƙa wa Zainabu, na tambayi ina ne kicin. Na ɗora ruwa, na dama kunun kanwa. Ina jin Injiniya da Zainabu a ɗaki suna ƙus-ƙus da Faransanci. Wankan jego irin namu dai babu shi. Ungozomarsu ta hana tafasasshen ruwa, ta hana ganye, ta ce kada ɗinkin ya jiƙe. Ban yi gardama ba. Na sirka ruwan ya yi ɗumi, na sa mata kujera a bayi, na kama ta ta zauna, na tsaya a bayanta da tsumma.

Na fara cuɗa mata wuya, sai ta ce, "Zainabu ta ce kin faɗi wata magana a gaban Baffa."

"Zainabu surutu gare ta."

"Baffa ya ji. Bature ya ji, har karensa. Ni ce kawai ban ji ba."

Ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata. Na tsoma tsumman na matse, na ɗora a kafaɗarta, na ce, "Ɗiyata."

Kafaɗun suka fara rawa a ƙarƙashin hannuna. Na ce ta bari, kada ɗinkin ya motsa. Na ci gaba da cuɗa mata baya har ruwan ya huce.